Kalaman Aro

Baba ya ce a'a tun ranar farko, kuma bai canza ba.

Bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne. Yana zaune a bakin teburin aiki yana shafa bangon wani tsohon littafi da tafin hannu, ya ce, "Mutumin da sana'arsa ita ce ya ce wa mace yana sonta a tafa masa, ba shi zan ba 'yata ba."

'Yar tasa ba yarinya ba ce, ta haura talatin. Ita kaɗai ya haifa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, shi ya sa ba ya kiranta sai Uwata, har unguwa ta ɗauka. Tun da idonsa ya fara dushewa ita ke riƙe da shagon ɗinkin littattafai. Ita ke huda takardu da basilla, ta ɗinke, ta shafa gam, ta manna bango, ta sa a matsi. Shi nasa ya bi da yatsa ya ce ya yi ko bai yi ba. In baƙo ya shigo, ita ke raɗa masa ko wane ne, da yadda fuskarsa take.

Wanda take so kuwa ɗan wasan kwaikwayo ne. Ango ake ce masa, don a kowane wasa shi ake ba matsayin masoyi. An ɗaura masa aure a kan dandamali ya fi a ƙirga, a zahiri ko ɗaya bai taɓa yi ba. A gaban 'yan kallo bakinsa kamar ruwa. A gabanta kuwa sai ya yi ta murza hula yana kallon ƙasa. Wannan shirun nasa ne ya kama ta.

Ran nan da hantsi Dakta ya zo. Malamin falsafa ne a jami'a, mutum mai kirki, mai tsabta. Ya daɗe yana kawo tsofaffin littattafansa ɗinki, kuma kowa ya lura cewa a 'yan watannin nan har waɗanda ba su yage ba yana kawowa. Gwaggo, ƙanwar Baba, tana jin tsayuwar motarsa ta fito daga cikin gida da kujera a hannu.

Hira ta yi hira, Gwaggo ta karkato da ita inda take so.

"Dakta, kai da ka yi karatu, gaya wa wannan 'yar mene ne so. Mu mun faɗa mun gaji."

Dakta ya gyara tabarau. "Ai Gwaggo, magabata ba su ɗauke shi abu guda ba. Akwai son ido, shi ya fi zafi, shi ya fi saurin mutuwa. Akwai na jini, irin na uba da 'yarsa. Amma wanda masu hikima suka fi yabo shi ne na abota, mutum biyu su so juna don halin juna. A samansa kuma akwai wanda ba ya neman a rama masa."

"To a cikinsu wanne ne ke kai cefane gida?"

Dakta ya yi dariya. Baba bai yi ba.

"Ni ban yi karatu ba," in ji Baba, "amma littattafan mawaƙa da suka bi ta hannuna sun fi gashin kaina. Duk mai kukan so a ciki, macen da bai samu ba yake yi wa kuka. Ban ji wanda ya yi wa matarsa baiti tana kwance yana jinyarta ba. Na wasan kwaikwayo kuwa, ka buɗe shafin ƙarshe, gawa biyu ce."

Uwata ba ta ɗago daga ɗinkinta ba, ta ce, "Baba, ai wanda ya yi jinya ba shi da lokacin rubutu."

Kowa ya san wanda ya yi jinyar mahaifiyarta shekara da shekaru, har ranar da ya rufe mata ido da hannunsa.

Da Dakta ya tafi, Gwaggo ta sauke mata kwandon faɗa.

"Ke wace irin 'ya ce? Mutum kamar wannan yana zarya a kanki, kina ba shi ƙeya. Saboda wa? Saboda mai shafa hoda yana kuka a gaban jama'a! Jiya ya mutu don wata, gobe zai mutu don wata. Ke ta nawa ce?"

"Gwaggo, aikinsa ne."

"Aikinsa ƙarya ne."

Uwata ta ajiye allura. Ta zo ta durƙusa gaban mahaifinta, hawaye na zuba.

"Baba, ban taɓa roƙonka komai ba. Sau ɗaya kawai. Ka bar shi ya zo ya yi magana da bakinsa. In ka ji ka ce a'a, na haƙura, ba za ka ƙara jin sunansa a bakina ba."



"Ya zo," ya ce. "Amma ki gaya masa nan babu tafi."

Akwai abin da Baba bai sani ba. Makon da ya wuce ta je kai aiki, ta biya ta zauren da su Ango ke gwaji. Ta zauna can baya inda ba haske, bai ma san ta zo ba. Wani tsohon wasa suke shiryawa, ba a kai ga nuna shi ba, labarin matuƙin kwalekwale da ya je roƙon 'yar mai gari. Ta ga Ango ya zube gaban wani da aka manna wa farin gemu, ya yi roƙon da ya sa ta kuka ita kaɗai a cikin duhu. Mai ba da umarni ya sa shi ya maimaita, ya sake maimaitawa, har ta haddace. Ta fita tana cewa a ranta, mai iya wannan, ya zai yi ran da ya zo roƙona?

Washegarin ranar da Baba ya yarda, bayan la'asar, Ango ya zo.

Ta tsaya bayan labulen da ya raba shago da cikin gida, inda take hango su ta 'yar kafa. Gwaggo ta kafa kujera a bakin ƙofa kamar mai gadi.

Ango ya gaida Baba, ya zauna a ƙasa. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Ina jin ka," in ji Baba.

"Baba, ni... wato... abin da ya kawo ni..."

"Ka san abin da ya kawo ka ko ba ka sani ba?"

"Na sani, Baba. Ina... ita... Uwata..."

"Uwarka ce?"

Gwaggo ta tuntsire da dariya. Ango ya sunkuyar da kai, hular hannunsa ta zama tsumma. Uwata ta cije leɓe tana addu'a a zuci, Allah ka buɗe masa baki.

"An ce mini kai ne sarkin zance," in ji Baba. "Ga ni ga ka. In babu, tashi, ina da aiki."

Ango ya rufe ido. Ta ga ya ja dogon numfashi. Ta ga kafaɗunsa sun miƙe, haɓarsa ta ɗago. Da ya buɗe baki, wata murya ce ta fito, mai zurfi, mai sanyi, ta cika shagon.

"Dattijo, ban zo ɗauke fitilar gidanka ba. Na zo roƙon a bar ni in zauna inda haskenta ke kaiwa."

Nan take ta gane kalaman.

"Na san kai ka riga ni sonta. Ka so ta tun ba ta san sunanka ba, ka so ta ba don ta rama ba. Ni nawa son ɗan jiya ne, ba ya kai ƙafar naka. Amma dattijo, kai za ka tsufa, ni ma zan tsufa. Bar ni in koya a wurinka tun kana nan."

Ta san abin da ke biye. Bakinta ya riga nasa motsi. A nan zai yi shiru kaɗan. Ya yi. A nan zai dafa ƙirji da hannun dama. Ya dafa. A nan muryar za ta karye.

"In ka ce in tafi, zan tafi. Amma ƙafata kaɗai za ta tafi."

Muryar ta karye daidai inda mai ba da umarni ya ce ta karye.

Gwaggo ce ta fara shessheka, tana share hanci da bakin mayafi. Uwata ta dubi mahaifinta. Tun ranar da aka fita da gawar mahaifiyarta ba ta ga hawayensa ba. Ga su yau, suna bin tamojin fuskarsa suna shiga gemu, bai ko share ba.

"Yaro," ya ce, "ni ma na taɓa durƙusawa haka gaban uban wata. Ban iya faɗin rabin abin da ka faɗa ba. Je ka. Ka turo manyanka."

Abin da ta yi wata da watanni tana roƙon Allah ke nan.

Ta bi ta ƙofar baya ta tare Ango a lungun da ke bayan shago, inda suke zubar da guntayen kwali. Yana ganinta fuskarsa ta washe.

"Kin ji? Uwata, kin ji abin da ya ce?"

"Na ji. Na ji kuma abin da matuƙin kwalekwale ya ce."

Murmushin ya mutu a fuskarsa.

"Ina zauren ranar gwaji," ta ce. "Can baya. Har inda za ka dafa ƙirji na sani."

"Ki tsaya ki ji..."

"Ubana makaho ne, Ango. Ka zo ka yi masa wasa a shagonsa. Ya ce maka babu tafi, ka karɓi hawayensa a madadi."

"Wallahi ban shirya ba! Wallahi da niyyar maganata na zo. Kwana na yi ina haɗa ta. Da ya ce in tashi, sai komai ya gudu daga kaina. Na ga zan rasa ki. Na laluba, abin da hannuna ya kama ke nan."

"Na wani."

"Amma gaskiya ne! Duk kalmar da na faɗa haka take a zuciyata. Wanda ya rubuta ya mutu tun kafin a haifi kakana, amma kamar ni ya leƙa ya rubuta. In mutum ya ari riga ya je ɗaurin aurensa, auren ya zama ƙarya?"

Tana kuka sosai yanzu. "To ranar gwaji fa? Da ka faɗa don waccan da ta fito a 'yar mai gari, ƙarya ce ko gaskiya?"

"Wannan aiki ne."

"Murya ɗaya ce. Hawaye ɗaya ne. Ni da na gani da idona ban ga bambanci ba. Ta yaya zan gane gobe? In ka dawo gida ka ce mini ka yi kewata, sai in tsaya ina tunanin daga wane shafi ne?"



"Ni shirunka na so," ta ce. "Na ɗauka abin da ke bayansa ya fi ƙarfin baki ne. Yanzu ina tsoron ko babu komai a bayan."

"Kada ki ce haka. Don Allah kada ki ce haka."

"To faɗa mini abu ɗaya. Ɗaya tak. Ba na mawaƙi ba, ba na wasa ba, ba sai ya yi daɗi ba. Naka."

Ya dube ta. Ta ga kalmomi suna zuwa masa, ta ga yana gane ko na wane ne, yana mayar da su. Wani mai kura ya wuce ta bakin lungun yana neman hanya. Ta jira. Ta ƙara jira.

"Uwata, ni tun ina yaro in'ina nake yi," ya ce da ƙyar. "A dandamali kaɗai take sakina. Ban... ban saba da nawa ba."

Ta goge fuska da bayan hannu, ta juya ta shiga gida.

Ta tarar Gwaggo ta tafi kai wa maƙwabta labari. Baba na zaune shi kaɗai, hannuwansa bisa gwiwa. Fuskarsa ta yi wani laushi da ta manta yana da shi.

"Uwata, zo nan."

Ta zauna a gabansa. Ya lalubo kanta ya dafa.

"Na zalunci yaron nan. Na yanke masa hukunci ban ji shi ba. Dakta ya lissafa mana so iri-iri, ban ji ko ɗaya a jikina ba. Wannan ya yi magana kaɗan, na tuna uwarki. Amma ni kunne gare ni, ba ido. Ke ce idona. Kina bayan labule, na ji numfashinki. Kin ga fuskarsa. Gaya mini, daga zuciyarsa maganar nan ta fito?"

I kawai za ta ce. Kalma ɗaya, a yi biki, a wuce wurin. Wasan ma Baba ba zai taɓa ganinsa ba, ba ya zuwa irin wuraren. Kuma wa ya sani, wataƙila in ta ce i ba ta yi ƙarya ba.

Sai ta dubi idanun nan farare da ke kallon gefen fuskarta. Tun da suka dushe, duk abin da ta ce masa baƙi ne, baƙi ne. Duk wanda ta ce masa yana murmushi, yana murmushi. Bai taɓa tambayar wani ya tabbatar ba.

"Baba," ta ce, "ina jin yana sona. Amma kalaman ba nasa ba ne. Na wasan da suke shiryawa ne. Na ji shi yana faɗarsu a wurin gwaji."

Hannun da ke kanta ya yi nauyi. Sannan ya janye.

"Duka?"

"Duka."

"Har da zancen ƙafa?"

"Har da shi."

Baba ya ɗaga gefen rigarsa ya goge fuskarsa, a hankali, kamar mai goge ƙazanta. Laushin nan ya tafi.

"Ashe ɗan kallo aka mai da ni. A shagona. Na tuna matata a gaban mai wasa."

"Baba, tsoro ne ya kama shi. Ya ce bai yi niyya ba. In'ina gare shi, ya ce..."

"Ya isa."

"Baba, don son jinin da ke tsakaninmu..."

"Na ce ya isa. Kin yi mini alkawari jiya. In na ce a'a, ba zan ƙara jin sunansa ba. To na ce a'a." Ya juya ga teburinsa yana laluben abin da ba ya nema. "Dakta kuma ba zan tilasta miki ba. Ki aure shi ko ki bari, ruwanki. Amma wancan, in ya sake taka ƙofar nan, ki zaɓa tsakanina da shi. Je ki rufe shago."

Ta tashi.

Rana ta yi ja. Masu shaguna suna ta shigar da kaya. Ta jawo ƙyaure ɗaya, ta juya za ta jawo na biyu, sai ga Ango tsaye a bakin titi. Bai tafi ba. Ya matso, ba hula a kansa, idonsa jawur.

"Na s-samo," ya ce. "Nawa ne. Ba daɗi."

Ya ci gaba.

"Kullum in kin... in kin tashi rufe shago, ina can bayan t-turken lantarki. Ba na zuwa. Ina jira in ji kin murɗa makulli. Kina murɗawa sau biyu, ki ja ki ji ko ya kama. In na ji haka, sai in t-tafi gida. In ban ji ba, ba na iya cin abinci." Ya haɗiye yawu. "Shi ke nan. Shi ne nawa."

Ta riƙe ƙyauren da hannu biyu.

"Da wannan ka faɗa masa," ta ce.

"Bari in shiga in faɗa. Yanzu."

"Ya tambaye ni, Ango. Na gaya masa gaskiya."

Ya tsaya yana kallonta kamar bai ji ba. Sannan ya ji.

Daga ciki muryar tsohon ta taso, busasshiya. "Uwata! Da wa kike magana?"

Ta dubi mutumin da ke gabanta. Ta dubi duhun shagon da ke bayanta.

"Ango ne, Baba," ta ce. "Sallama yake yi."

Ta jawo ƙyaure na biyu, ta rufe daga ciki.